In ka shiga Abuja ko Legas aka ce a fita da dare: abin da za ka saka da yadda za ka dawo gida lafiya

Shekaranjiya bayan isha'i muna zaune majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura ana jiran shayi na biyu, sai ƙanin wani abokina da aka tura bautar ƙasa Abuja ya matso kusa da ni ya rage murya kamar wanda zai ranci kuɗi, ya ce Yaya don Allah in abokai suka ce a je kulob me ake sakawa, wai tun a sansanin Kubwa yaran ɗakinsu suka fara shirya fita shi kuma kullum sai ya ce kanshi ke ciwo saboda bai san ta inda ake farawa ba. Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni, amma da na koma gida na kwanta sai na ga ai tambaya ce mai kyau, kuma ba shi kaɗai ba ne, yaranmu da yawa suna zuwa birni babu wanda ya taɓa zaunar da su ya gaya masu yadda dare yake a can.

Na san akwai wanda tun daga kan maganar ya fara jan a'uzubillahi. To Malam ka yi haƙuri, ni ban ce kowa ya je ba, wanda ya yi sallar isha'i ya ja bargo ya fi kowa riba a aljihu da lafiya da lada. Amma na zauna Abuja shekaru ina aiki, na kuma yi zirga-zirgar Legas, na ga yadda ake tsintar kai a irin wuraren nan ba tare da an yi niyya ba, an gama dinar biki abokan ango sun ce akwai ci gaba a wani waje, ko ogan ofis ya yi bazde ya gayyaci kowa, ko wanda za ku yi harkar kasuwanci da shi ya ce ku haɗu ƙarfe sha ɗaya a wani lawunj. Baƙo makaho ne ko da idonshi, gara a riƙa mashi sanda da a bar shi ya faɗa kwalbati.

Kafin komai, san inda za ka

Mu a Katsina tun 2000 da aka ƙaddamar da shari'a babu wannan harka a fili, ga Hisba, kuma garin ma ƙarfe sha ɗaya in ka bi ta IBB Way daga mai shayi sai mai tsire sai 'yan kurkura. Shi ya sa mukan haɗa komai mu kira shi kulob, alhali wuraren kala-kala ne kuma kowanne da irin shigarshi. Akwai gadin, fili ne a buɗe da kujerun roba, ana gasa kifi ana kallon ƙwallo, nan ko da jesi da silifas ka je babu ruwan kowa. Akwai lawunj, kujerun kushin, kiɗa ƙasa-ƙasa da farkon dare, abinci, shisha, nan an fara duba shiga amma da sauƙi. Sai kulob na gaske wanda ba ya cika sai sha biyu ta wuce zuwa ɗaya, ƙarti a bakin ƙofa da igiya, kiɗa har cikin haƙarƙarinka. Wani wajen kuma da yamma gidan abinci ne, ƙarfe sha ɗaya na yi su rage fitila su ƙara sauti ya rikiɗe, dokar shigar ma ta canza, wanda ya shiga ƙarfe takwas da gajeren wando yana ciki amma kai da ka zo sha biyu da irinshi a mayar da kai.

A Abuja mafi yawansu suna Wuse 2, wajen titin Aminu Kano da Adetokunbo Ademola, da Maitama, da ɗan abin da ba a rasa ba a Gwarinpa da Jabi. A Legas kuma Victoria Island da Lekki, musamman Admiralty Way, sai Ikeja ga waɗanda ba su son tsallaka ruwa. To ka tambayi wanda ya gayyace ka sunan wajen, kar ka ji kunya, ka shiga shafinsu na Instagram ka kalli hotunan daren Juma'ar da ta wuce, ka bar kallon fuskoki ka kalli ƙafafun mutane da wandunansu. Da yawansu suna rubuta dokar sutura a shafin, in ba su rubuta ba akwai lambar WhatsApp, ka tura ka tambaya ko ana shiga da kayan gida, su can netif suke ce masu. Wani daren ma akwai kalar da aka yanka, a ce kowa fari, ka je da shuɗiyar shaddarka ka zama kamar baƙin rago cikin garken Sallah.

Kaftani ko ƙananan kaya

Nan ne yaranmu suka fi yin kuskure, suna zaton sai sun tuɓe kayan Hausa sun koma kamar mawaƙin Amurka za a bar su su shiga. A Abuja dai wallahi kaftani mai kyau ya fi jins daraja a idon mai tsaron ƙofa, wato bansa, domin garin na 'yan siyasa da 'yan kwangila ne, kuma bansa ya saba ganin cewa masu kashe manyan kuɗin da yadi suke zuwa. A Legas ma ɗinkin da suke kira sanata ya zama ruwan dare, ba wanda zai kalle ka kallon baƙauye, sai dai a can wasu ƙofofin sun fi son ƙananan kaya shi ya sa na ce ka tambaya.

Amma kaftanin akwai sharaɗi. Ya zama ɗinki ne da ya zauna a jiki, tsawonshi iya gwiwa ko ƙasa kaɗan, wandon kar ya riƙa sharar ƙasa. Yadi mai laushi mai duhu, baƙi ko ruwan toka ko shuɗi mai duhu, ya fi shadda a wannan waje. Shadda mai sitaci in ka shiga cinkoso ka yi gumi sai ta saki ta yamutse, ga ƙara tana yi kamar ana buɗe leda, farar Getzner kuwa ka bar ta a gida don Juma'a da ɗaurin aure, mutum ɗaya ya yi tuntuɓe da kofi a hannu shi ke nan ta tashi aiki, kuma ba lallai abin da ya zubo maka lemo ba ne. Babbar riga kam ko da wasa, sai dai in daga wajen dina kuka wuce, to ka cire ta ka ninke ka bari a mota ka shiga da 'yar ciki. Hula zaɓinka ne, zanna mai kari tana ƙara maka kwarjini a ƙofa, amma ciki akwai zafi kuma ni na taɓa rasa hula guda a irin wannan dare, na ajiye kan kujera na je bayi na dawo babu ita babu labarinta, hular da aka yi wata biyu ana ɗinka mani.

In kuma ƙananan kayan kake so, abin da suke nufi da simat kashuwal ba wani abu ba ne mai wuya, wandon jins mai duhu wanda ba a yayyage ba ko wandon chinos, riga mai kwala ko shat mai dogon hannu ka naɗe hannun, ko tishat mara hayaniyar rubutu wadda ta yi maka daidai. A goge. Abubuwan da na ga ana mayar da mutum a kansu sau ba adadi: gajeren wando da tiri-kwata, singileti, jesin ƙwallo, wandon motsa jiki, hular hana-sallah a wasu wuraren, da wandon da aka zazzago. Jesin nan ina roƙonku, na san son da muke wa Barcelona da Arsenal a Katsina, amma a bar shi gidan kallo. Kayan da ke da zanen kakin soja kuma kar ma ka saka shi cikin jaka tun daga gida, farar hula bai da izinin sakawa a Najeriya, kafin ka kai ga bansa soja zai tare ka a hanya ya sa ka tsallen kwaɗo.

Takalmi, inda nawa ya ƙare

Bari in ba ku nawa. Shekarata ta farko a Abuja, wani abokin aikinmu ya yi ƙarin shekara ya ce mu haɗu wani waje a Wuse 2. Na yi wanka na saka sabon yadi ruwan ƙasa, ɗinkin telana na Sabon Layi, na kafa hula na fesa turare har mai tasi sai da ya ce oga wane turare ne wannan, a ƙafa kuma silifas ɗin fata irin wanda muke sakawa nan mu je ko'ina har fadar Sarki. Na iso ƙofa ina taku ɗai-ɗai, wani ƙato da wuyanshi ya kai cinyata ya dube ni daga sama, hula ya gyaɗa kai, riga ya gyaɗa kai, da ya kai ƙasa sai ya miƙa hannu ya tare hanya, bai ma yi magana ba yatsa kawai ya nuna. Na ce mashi wannan fa fata ce ta gaske ta fi takalmin ƙafarka tsada, ya ce oga ba silifas. Ga layi a bayana, ga 'yan mata suna dariya ƙasa-ƙasa, ka san mu kunya gare mu ba dai tsoro ba, ji na yi kamar ƙasa ta tsage. Ƙarshe direban wani abokinmu ne ya ara mani sau-cikinshi mai lamba 45 ni kuma 42 nake sakawa, haka na kwana ina jan ƙafa kamar agwagwa.

Saboda haka takalmi rufaffe, shi ne magana. Da kaftani ka saka sau-ciki na fata mara igiya, baƙi ko ruwan ƙasa, a goge shi. Haf-koba wani wajen ya wuce wani wajen a ce silifas ne, ni ba na caca da shi. Da jins kuma kambas mai tsabta ya wadatar a mafi yawan wurare, amma mai tsabta fa, ba wanda ka yi faretin sansani da shi ba. Crocs da sandal da silifas ɗin wanka a bar su gida. Kuma dokar tana da dalili, ƙasan wajen akwai fasassun kwalabe, ga mata da dogayen takalma masu tsini, guda ta taka maka ɗan yatsa sai ka kira sunan kakarka.

'Yan'uwa mata, wata abokiyar aikina 'yar Funtua da ta fi ni sanin wannan ɓangaren ta ce ku ba a cika matsa maku a ƙofa ba, doguwar riga mai kyau ko abaya mai ado da ɗan mayafi tana shiga lawunj lafiya lau, ba dole sai an yi shigar da za a ji kunya in hoto ya fita ba. Abin da ake mayarwa dai shi ne silifas ɗin gida da hular bacci. Ta ce in kin saka mai tsini ki jefa fulat a jaka, kuma jakar ta zama ƙarama mai zif wadda ake ratayawa ta gaba.

Abin da zai shiga aljihu da wanda zai kwana gida

Za a laluba ka a ƙofa, wani wajen har da na'urar da ke ƙara in ta ji ƙarfe. 'Yar wuƙar da ke maƙale da makulli, abin yanke farce, reza, duk a ajiye. Mai guru ko laya a ƙugu ya san da cewa hannu zai kai wajen kuma za a tambaye shi a gaban jama'a. Ba a shiga da ruwa ko lemo daga waje. Ka riƙe katin shaida guda, na ɗan ƙasa ko lasin tuƙi ko na bautar ƙasa, musamman in fuskarka ta yara ce, ƙasa da 18 ba a bari, kuma ko ba don ƙofa ba za ka buƙace shi a shingen 'yan sanda wajen dawowa. Waya a cike da caji, da ƙaramin fawa banki in akwai.

Kuɗi kuma dabarar da na koya bayan na sha wuya ita ce, asusu biyu. Ka tura iya abin da ka yanke za ka kashe cikin guda, shi za ka fita da katinshi, babban asusun ka bar katin a gida, in da hali ma ka cire manhajar daga wayar zuwa safe. Ka ware tsabar kuɗin mota daban ka cusa a wani aljihun da ba ka taɓawa, domin ƙarfe uku na dare ne netwok ya fi iya wulaƙanci, ka yi taransifa kuɗi su fita alat bai shiga ba, kana tsaye weta na tsaye.

A bakin ƙofa

Ido ba mudu ba amma ya san kima. Bansa abu biyu yake aunawa cikin daƙiƙa biyar, wannan zai kashe kuɗi, kuma wannan zai ja mana rigima. Duk dokar suturar nan a kan haka aka gina ta, shi ya sa za ka ga an mayar da kai kan hana-sallah sannan wani ya sauko daga babbar mota da gajeren wando an buɗe mashi igiya har da rusunawa. Kar ka tsaya gardamar adalci, ba kotu ba ce. Ka gaishe shi, ka dube shi a ido, ka faɗi sunan wanda ya kama tebur in akwai. Kar ku zo ku takwas maza zalla ku tsaya kuna ihu da Hausa kuna tafawa, taron maza ba mace ko ɗaya shi suka fi ƙi, ku rabu biyu-biyu ko uku, ko ku kama tebur tun da rana. Zuwa da wuri ma yana taimako, sha ɗaya ƙofa a sake take, ƙarfe ɗaya kuwa an cika sai zaɓe.

In an ce a'a, ka tambaya cikin ladabi mene ne matsalar, in abin gyarawa ne ka gyara, in ba haka ba ka juya, kan titin guda akwai wasu wuraren. Kalmar ka san ko ni wane ne kar ta fito bakinka, a Abuja wanda ke bayanka a layi ɗan minista ne, na bayanshi kuma ministan ne da kanshi.

Tebur, bil, da sanƙiran zamani

Wasu wuraren akwai kuɗin shiga, wasu babu amma zama sai ka kama tebur, kuma kowane tebur akwai mafi ƙarancin abin da dole a kashe a kanshi. Kafin ɗuwawunka ya taɓa kujera ka tambayi weta nawa ne ƙa'idar wannan teburin, in ya fi ƙarfinku ku tsaya wajen kanta ko ku zauna ɓangaren waje, ba abin kunya ba ne. Ka karɓi takardar farashi ka karanta da fitilar waya, ruwan roba da kake saye a Central Market can sai ya ninka sau biyar ko fiye. Kuma farashin da ka gani ba shi ne ƙarshe ba, akwai harajin VAT kashi 7.5 tun 2020, a Legas akwai ƙarin kashi 5 na jiha da ake ɗorawa a otal da gidajen abinci, sannan wajen su ƙara nasu kuɗin hidima. Ku yi maganar wanda zai biya tun a mota, karo-karo ne ko mai gayya ne ya ɗauka, domin na ga abota ta shekara goma ta mutu a kan bil, kowa ya zame bayi ɗaya bayan ɗaya aka bar bawan Allah guda da takarda a hannu da ƙarti biyu a kanshi. Ni abin da nake yi, duk abin da aka kawo mani in biya nan take, ba na barin a tara. In watan Disamba ne a Legas kuwa komai ya ninka, daga tebur har kuɗin mota.

Akwai wani mutum da makirufo kusa da mai saka kiɗa, aikinshi zuga. Mu da muka tashi muna ganin sanƙira da maroƙa a gidan biki bai kamata wannan ya ruɗe mu ba, sana'ar guda ce, kayan aiki ne suka bambanta. Yana hango hula zai fara Alhaji ya iso, Alhaji mai dala, sai ka ga 'yan mata sun jero da kwalba a sama da tartsatsin wuta an nufo teburin wani, kai ma jininka ya fara tafasa. Ka danne. Alhajin da aka kira da dare shi ke neman na kati da safe. Liƙi kuma a sani laifi ne a doka, sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya tanadi ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma a 2024 EFCC ta gurfanar da sanannun mutane a Legas a kan haka har an ɗaure wani wata shida. Bidiyon da wani zai ɗauka ya saka a TikTok shi ne shaidar.

Abin sha, ga wanda ba ya sha

Ba wanda zai tilasta maka giya, kuma ba kai kaɗai ba ne, teburan da ke cike da maltina da ruwa da lemon kwalba suna da yawa a Abuja. Matsalar ita ce abin da bai yi kama da giya ba. Smirnoff Ice kamar lemon tsami yake a ido da baki amma giya ce. Orijin an ce ganyaye ne, giya ce. In an ce koktel akwai barasa, moktel ne babu, harafi guda ya raba su kuma cikin wannan ƙarar weta ba ya jin bambancin, ka ce mashi ba barasa ka maimaita. Chapman da kowa ke ɗauka lemo ne, yawanci ana ɗiga mashi Angostura, ita kuma wannan 'yar kwalbar barasarta ta haura kashi 44, ɗigo kaɗan ne ake sawa amma in kana kiyayewa ka ce a haɗa maka ba ita. Mafi sauƙi dai ka ce a kawo abu a rufe a buɗe a gabanka.

Kofinka kar ya bar hannunka, in ka tashi ka dawo ka bar shi ka sayi wani, wannan ga maza da mata duka amma mata sun fi shiga haɗari. Wanda ba ka sani ba ya miƙo maka kofi ko kek ko alewa ka ce na gode na ƙoshi, ana cusa wiwi a kek, ana zuba kodin a lemo duk da an hana maganin tarin mai kodin tun 2018. Shisha ma ba ka san me aka haɗa a kaskon ba in ba a gabanka aka yi ba, kuma hayaƙi ne dai kamar kowane hayaƙi duk ƙamshin tuffar nan. In ka ga teburin kusa da ku ana harkar ƙwaya ko ana shaƙar balan-balan ku canza waje, NDLEA na kai samame irin wuraren nan, kuma na shiga ban ɗauka ba ba ta fidda ɓarawo, sai an kwashe kowa tukuna a tantance, ka yi tunanin wanda za ka kira a gida ya zo beli da abin da za ka ce mashi.

Kar ka tsaya gaban sifika, kunne zai yi ta ƙara har washegari. Kana shiga ka duba ina wata ƙofar fita take ban da wadda ka shigo. Rigima ta tashi ko ba da kai ba, kwalba ta fara tashi sama, ka kama hannun naka ku fita, kallo ba naka ba ne. Mace ta ce a'a to a'a ce, kuma wadda ta zo da fara'a fiye da kima tana Alhaji Alhaji ka san ba kyanka ta gani ba. Hoto kuma ka yi hattara da kyamarar wajen, suna da mai ɗauka kuma washegari shafinsu za su saka, Katsina ƙaramin gari ne a waya, kafin azahar gwaggonka ta Rafindaɗi ta gani.

Dawowa, wadda ya kamata a fara shiryawa

Wannan tun kafin ka saka takalmi za ka san amsarta. Abuja da dare ba Katsina ba ce da za ka tsaya bakin titi ɗan acaba ya zo, an hana acaba a tsakiyar birnin tun 2006, a Legas ma an hana su a Ikeja da Eti-Osa inda Victoria Island da Lekki suke. Kuma mafi yawanmu ba a cikin gari muke kwana ba, Kubwa ne ko Lugbe ko Nyanya da Mararraba, a Legas Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba, daga tsibiri zuwa can galibi sai ka hau gadar Third Mainland mai kusan kilomita 12, ba wajen da kake son mota ta mutu maka ba ne ƙarfe uku.

Ka kira mota ta manhaja, Bolt ko Uber ko inDrive, kana daga ciki, kar ka fito sai ta iso. Ka duba lambar motar da fuskar direba su yi daidai da na waya, ka tura wa wani ɗan'uwa hanyar tafiyar ya riƙa gani. Motar da ta tsaya da kanta da mutane a ciki ana cewa saura mutum ɗaya, ko kyauta ce kar ka shiga, su ne 'yan wan-cans, sun yi ƙaurin suna a Abuja wajen Berger da Area 1 da hanyar Kubwa, su ƙwace waya su tilasta ka buɗe asusu su jefar da kai a hanya, nan ne dabarar asusu biyun nan take ceton mutum. Abokin da ya sha ba ya tuƙa ka, ko motar tashi ce ko zai yi fushi, ka karɓi makullin in ka iya tuƙi ko ka nemi taka hanyar. A shingen 'yan sanda a rage gudu a kunna fitilar ciki, a gaisa, a nuna kati, ba a gardama da mai bindiga da tsakar dare. Lambar gaggawa 112 ce, ka adana. In masaukinka ya yi nisa sosai gara ka shirya kwana wajen wani aboki a cikin gari tun da rana, ko ku bar wajen sha biyu da rabi lokacin da titi bai mutu ba. Kuma yadda kuka fita ku huɗu haka za ku dawo ku huɗu, ba a barin kowa a baya wai ya ce zai taho daga baya.

Ka saita ƙararrawar asuba tun kafin ka fita, guda biyu, ka ajiye wayar nesa da katifa. Kayan da ka dawo da su kuma ka rataye a waje su sha iska, warin hayaƙin wajen yana kama yadi ya kwana uku, kar ka kuskura ka mayar da su cikin jakar da za ka zo da ita gida hutun Sallah, hancin Hajiya ya fi na'urar bansa aiki.

Yaron da ya yi tambayar na ce ya kawo mani kayan da yake da niyyar sakawa in gani kafin ya koma. Jiya ya zo da su cikin leda, yadi baƙi mai kyau ɗinkin ya zauna, hula ma ba laifi, sai na ce ina takalmin, ya sunkuya ya nuna mani silifas ɗin ƙafarshi. Gobe in Allah ya kai mu za mu shiga kasuwa neman sau-ciki lamba 43.